Josephine Baker: Daga ƙarshen layin 'yan rawa zuwa zauren gwarazan Faransa

Josephine Baker mawaƙiya ce kuma gwanar rawa a wasannin daɓe na kiɗa da waƙa. An haife ta a Amurka a 1906, ta rasu a Faransa a 1975, bayan ta shafe sama da shekara 50 tana hawa dandamali a New York da Paris da sauran manyan biranen duniya. Ban da waƙa da rawa, ta yi wa Faransa aikin leƙen asiri a Yaƙin Duniya na Biyu, ta kuma shiga sahun masu yaƙi da wariyar launin fata a ƙasar haihuwarta. A 2021 ta zama baƙar mace ta farko da aka karrama a Panthéon, zauren da Faransa ta keɓe wa manyan gwarazanta.

Tarihin sana'arta ya ginu ne a kan al'amari mai harshen damo. Ƙasar da aka haife ta ta tauye ta saboda launin fatarta. Ƙasar da ta ɗaukaka ta kuwa, da fari saboda launin fatar ne ta yi hakan, domin ta sami abin kallon da ya dace da hoton da Turawan zamanin mulkin mallaka suka zana wa Afirka a zukatansu. Yadda ta karɓi wannan matsayi, ta ci moriyarsa, sannan ta juya sunan da ta samu a cikinsa ya zama makamin neman mutunci, shi ne dalilin da ya sa har gobe ake muhawara a kanta.

Haihuwa da ƙuruciya

An haife ta ranar 3 ga Yuni, 1906, a birnin St. Louis na Jihar Missouri, aka raɗa mata suna Freda Josephine McDonald. Mahaifiyarta, Carrie McDonald, wankau take yi don ciyar da iyali. Tun tana shekara 8 aka tura Josephine aikatau gidajen Turawa, karatunta kuma bai yi nisa ba.

A watan Yulin 1917, tana shekara 11, tarzoma ta ɓarke a East St. Louis, garin da ke tsallaken Kogin Mississippi. Gungun farar fata suka afka wa unguwannin baƙaƙen fata, suka kashe mutane da dama, suka ƙone gidaje. Ta sha ambaton wannan ta'asa a tsawon rayuwarta a matsayin abin da bai taɓa fita daga ranta ba.

Ta yi auren fari tana shekara 13, auren bai daɗe ba ya mutu. Daga nan ta bi ayarin 'yan wasa masu yawo gari-gari, tana taimaka wa manyan mawaƙa da shirya kayan sawa, tana kuma samun 'yar fitowa jefi-jefi. A 1921 ta auri Willie Baker. Shi ma wannan aure bai yi ƙarko ba, amma ta riƙe sunan Baker har ƙarshen ranta.

Yadda sana'ar take a wancan zamani

Wasan daɓe na kiɗa da waƙa iri biyu ne. Akwai mai labari guda, inda 'yan wasa ke magana, sannan su ɓarke da waƙa da rawa a wuraren da labarin ya yi zafi. Akwai kuma wanda ba shi da labari, sai jerin fitowa daban-daban: waƙa, rawa, barkwanci da nuna kayan ado. Cibiyar na farkon ita ce Broadway, unguwar gidajen wasa ta New York. Na biyun kuwa a Paris ya fi bunƙasa, a manyan zaurukan nishaɗi irin su Folies Bergère da Casino de Paris.

A kowane ayari akwai matakai. Taurari ne a sama, sai 'yan barkwanci, sannan 'yan layi, wato 'yan matan da ke jeruwa suna rawa da amshi a bayan tauraruwa. A Amurka ta wancan lokaci an ƙara wani mataki na launin fata. A gidajen wasa da yawa, baƙin mutum ba ya zama sai a kujerun can sama na baya. A kan dandamali kuma akasarin abin da ake ba shi shi ne fitowa a matsayin bara ko wawa, har ma akan sa baƙin ɗan wasa ya ƙara shafa baƙi a fuska don a yi dariya. Ko a ayarin baƙaƙen fata zalla, an fi ɗaukar 'yan mata masu hasken fata a layin rawa.

Ƙarshen layi a Broadway

A 1921 aka buɗe wasan Shuffle Along a New York, wanda Noble Sissle da Eubie Blake suka tsara waƙoƙinsa. Baƙaƙen fata ne suka rubuta shi, su ne kuma suka yi shi, ya karɓu ƙwarai har aka nuna shi kusan sau 500. Da Josephine ta nemi shiga, an ƙi ɗaukarta da farko saboda ƙarancin shekaru. Daga baya ta sami gurbi a ayarin da ke zagaya garuruwa da wasan.

An ajiye ta a ƙarshen layi, wurin da bisa al'adar sana'ar akan ba mai ban dariya. Aikinta shi ne ta yi kamar ta manta takun, ta yi tuntuɓe, ta harɗe idanu, sannan a zagaye na ƙarshe ta yi rawar fiye da kowa. Ta ƙware a wannan har 'yan kallo suka koma neman yarinyar ƙarshen layi. Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya; a nan ta baya ce ta fara matsowa gaba.

A 1924 Sissle da Blake suka ba ta fitowa ta musamman a sabon wasansu, The Chocolate Dandies. Duk da haka, matsayin 'yar barkwanci mai fuskar wawa shi ne iyakar abin da Broadway ta tanadar mata. Tana aiki a wani gidan rawa na New York ne a 1925 lokacin da wata Ba'amurkiya mai shirya wasanni, Caroline Dudley Reagan, ta yi mata tayin zuwa Paris a kan dala 250 a mako.

Paris, 1925

Ranar 2 ga Oktoba, 1925, aka buɗe wasan La Revue Nègre a gidan wasan Champs-Élysées da ke Paris. Cikin makaɗan akwai Sidney Bechet, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan gwanayen kiɗan jaz. Masu gidan wasan sun ga cewa rawar da Amurkawan suka zo da ita ba ta kai yadda Faransawa ke zaton rawar baƙar fata ba, sai suka ƙara wata fitowa a ƙarshe da suka kira rawar mutanen daji. Josephine ta fito a ciki tare da wani mai rawa, Joe Alex, kusan tsirara, ba komai a jikinta sai gashin tsuntsaye. Kafin a jima sunanta ya game birnin.

A 1926 ta koma Folies Bergère, inda ta fito da ɗamarar ayabar roba a ƙugu, hoton da ya zame mata tambari. Yarinyar da ba ta taɓa taka ƙasar Afirka ba ta zama, a idon 'yan kallon Turai, wakiliyar wata Afirka ta ƙage: daji, tsiraici da ganguna. Wannan ya faru ne a daidai lokacin da Faransa ke mulkin yankuna masu faɗi a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, tana kafa hujjar mulkinta da cewa ta zo wayar da kan mutanen da ba su waye ba.

Masana sun rabu a kan wannan zango na rayuwarta. Wasu na ganin ta ba da kanta aka yi amfani da ita wajen ƙarfafa rainin da ake yi wa baƙar fata. Wasu kuma na nuni da yadda take harɗe idanu da murguɗa fuska a tsakiyar rawar, suna cewa shaguɓe take yi wa masu kallon da tunaninsu. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne ribar da ta samu. A Paris tana shiga otal da gidan abinci ba mai tare ta a ƙofa, ta buɗe gidan rawarta mai suna Chez Joséphine a ƙarshen 1926, har man gyaran gashi aka riƙa sayarwa da sunanta. A 1927 ta fito a fim ɗin La Sirène des tropiques, wanda ya sa ake lissafa ta a matsayin baƙar mace ta farko da ta ja ragamar babban fim.

Ba ko'ina aka yi maraba da ita ba. A zagayen Turai da ta fara a 1928, malaman coci da 'yan siyasa masu ra'ayin riƙau sun yi mata bore a Vienna, babban birnin Ostiriya, hukumomin Munich a Jamus kuma suka hana ta wasa.

Daga rawa zuwa waƙa

Ta fahimci cewa abin mamaki ba ya daɗewa yana ba da mamaki, kuma in kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Da taimakon manajanta, Giuseppe Abatino, ta koyi Faransanci, ta ɗauki darasin sarrafa murya, ta sauya shiga zuwa dogayen riguna na alfarma. A 1930 ta zama babbar tauraruwar Casino de Paris, inda ta rera J'ai deux amours, waƙar da Vincent Scotto ya tsara kiɗanta, wadda ta zame mata take har ƙarshen rayuwa.

A 1934 ta ja ragamar La Créole, wasan waƙa na Jacques Offenbach, wanda ke buƙatar murya mai horo. A shekarar ta fito a fim ɗin Zouzou tare da Jean Gabin, sai Princesse Tam-Tam a 1935, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a Tunisiya. Sai dai ko a waɗannan finafinai, labarin kan ƙare ne jarumin Bature ya zauna da Baturiya 'yar'uwarsa. Ɗaukakar tana da iyaka, ko a Faransa.

A farkon 1936 ta koma New York don fitowa a Ziegfeld Follies, wasa mafi ƙasaita a irinsa, tare da Fanny Brice da Bob Hope. Tafiyar ba ta yi daɗi ba. Masu sharhi a jaridu sun kushe muryarta, wasu da kalamai na raini, an kuma hana ta masauki a wasu otal-otal. Amurka ba ta shirya karɓar baƙar mace cikin shigar ƙasaita tana waƙa da Faransanci ba. Ta koma Paris, ta auri wani ɗan kasuwa Bayahude, Jean Lion, ranar 30 ga Nuwamba, 1937, ta zama 'yar ƙasar Faransa.

Shekarun yaƙi

Da yaƙi ya ɓarke a 1939, wani jami'in leƙen asirin sojan Faransa, Jacques Abtey, ya ɗauke ta aiki. Sana'arta ce ta zama rufin asirinta. Ana gayyatarta liyafar ofisoshin jakadanci, tana sauraron hirar jami'ai, tana kai rahoto. Bayan Jamus ta mamaye Faransa a 1940, ta ƙi yin wasa a Paris, ta mara wa Janar Charles de Gaulle baya. A ƙarshen shekarar ta tafi Lisbon na ƙasar Fotugal da sunan yawon wasa, Abtey na biye da ita a matsayin ma'aikacinta, ɗauke da bayanan da aka rubuta da tawadar da ba a gani a jikin takardun waƙoƙinta. Masu tsaron iyaka ba su cika binciken kayan tauraruwa ba.

A 1941 ta ƙetara Arewacin Afirka, nahiyar da ta daɗe tana kwaikwayo a dandamali. A Maroko ta kamu da rashin lafiya mai tsanani, ta kwanta a asibiti a Kasablanka kimanin shekara ɗaya da rabi, har aka baza jita-jitar mutuwarta. Da ta sami sauƙi a 1943, ta zagaya sansanonin sojojin ƙawance daga Maroko da Aljeriya har Masar da Lebanon tana yi musu waƙa, tana tara wa rundunar de Gaulle kuɗi, tana kuma neman a bar baƙi da fari su zauna wuri ɗaya a wajen kallo. A 1944 aka ba ta muƙamin ƙaramar hafsa a sashen mata na sojan saman Faransa. An ba ta lambar girmamawa ta 'yan gwagwarmaya a 1946, sannan a 1961 aka liƙa mata lambar yaƙi da kuma Légion d'honneur, babbar lambar yabo ta ƙasar.

Yaƙi da wariya

A 1951 ta sake zagaya Amurka, amma a wannan karo da sharaɗi: ba za ta hau dandamali a zauren da aka ware baƙi da fari ba. Wani babban gidan rawa a Miami, a kudancin ƙasar inda wariya ta fi tsanani, ya amince da sharaɗin, zauren kuma ya cika maƙil. Ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP ta keɓe ranar 20 ga Mayu, 1951, don karrama ta a unguwar Harlem.

A watan Oktoban shekarar ta zargi gidan cin abinci na Stork Club a New York da ƙin kula ta saboda launinta, ta kuma soki shahararren ɗan jarida Walter Winchell da ke wurin kan yin shiru. Winchell ya mayar da martani da zarginta da goyon bayan kwaminisanci, zargin da a wancan zamani ke iya kashe sana'ar mutum. An soke mata wasanni, hukumar bincike ta FBI ta riƙa bin diddiginta, shiga Amurka kuma ya yi mata wuya na tsawon shekaru.

Ranar 28 ga Agusta, 1963, ta tsaya gaban taron mutum kimanin 250,000 a Washington, a gangamin da Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa. Tana sanye da kakin sojan Faransa da lambobinta, tana cikin mata ƙalilan da suka yi magana a ranar.

Gidan Milandes

A 1947 ta auri shugaban makaɗa Jo Bouillon, ta sayi tsohon gidan sarauta na Milandes a yankin Dordogne, kudu maso yammacin Faransa. Daga 1954 ta fara ɗaukar yara riƙo, har suka kai 12, maza 10 da mata 2, daga ƙasashe irin su Japan, Finlan, Kolambiya, Benezuwela, Aljeriya, Kwaddibuwa da Faransa. Ta kira su zuriyar bakan gizo, ta yi niyyar rainonsu a kan addinai daban-daban, domin ta nuna cewa 'yan Adam na iya zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Masu suka sun ce ta mayar da yaran abin kallo, tun da an buɗe harabar gidan ga masu yawon buɗe ido da ke biyan kuɗin shiga.

Hidimar gidan ta fi ƙarfin aljihunta. Ita da Bouillon suka rabu, bashi ya yi mata katutu, ta riƙa komawa dandamali bayan ta yi sallama da shi domin biyan masu binta. A 1964 jarumar fim Brigitte Bardot ta yi roƙo a talabijin a taimaka mata, amma hakan jinkiri kawai ya kawo. An yi gwanjon gidan a 1968, aka fitar da ita da ƙarfi a watan Maris na 1969, tana shekara 62. Gimbiya Grace ta Monaco ce ta sama mata da yaran matsuguni a Roquebrune, kusa da Monaco.

Ƙarshen rayuwa

A 1973 ta yi wasa a zauren Carnegie Hall na New York, inda jama'a suka miƙe tsaye suna yi mata tafi, shekara 37 bayan kunyar da ta sha a birnin. Ranar 8 ga Afrilu, 1975, aka yi bikin buɗe wani wasa a gidan Bobino na Paris don cikarta shekara 50 a dandamalin birnin. Jaridu suka yaba ƙwarai. Bayan kwana biyu aka same ta a sume sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, ta rasu ranar 12 ga Afrilu tana shekara 68. An yi jana'izarta a cocin Madeleine tare da girmamawar soja, aka binne ta a Monaco.

Matsayinta a tarihi

Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, shekara 84 cif da zamanta 'yar ƙasa, Shugaba Emmanuel Macron ya jagoranci shigar da ita Panthéon. Gawarta ta ci gaba da zama a Monaco bisa buƙatar iyalinta. Akwatin da aka ɗauka yana ɗauke ne da ƙasar wurare huɗu: St. Louis, Paris, Milandes da Monaco. Ita ce mace ta shida da ta sami wannan girma. Baƙin mutum na farko da ya riga ta shi ne Félix Éboué, gwamnan Cadi wanda ya mara wa de Gaulle baya a 1940, aka kai shi zauren a 1949.

Karramawar ma ba ta tsira daga muhawara ba. Wasu masu sharhi a Faransa sun ce ya fi wa gwamnati sauƙi ta girmama Ba'amurkiyar da ta gudo wa wariyar ƙasarta ta yabi Faransa, a kan ta fuskanci tarihin mulkin mallakarta da koke-koken 'ya'yan Afirka da ke zaune a cikinta. Magoya bayanta kuma sun ce ba kyauta aka yi mata ba, tun da ta sa ranta a haɗari saboda ƙasar.

A fagen sana'a, gadon da ta bari a bayyane yake. Tana cikin waɗanda suka yaɗa rawar Charleston da kiɗan jaz a Turai, ta kuma nuna cewa baƙar mace na iya zama kan gaba a babban dandamali, ta gindaya sharaɗi a bi. Gidan Milandes yanzu gidan tarihi ne da ake nuna kayan wasanta, a Paris kuma akwai dandali da wurin ninƙaya a Kogin Seine masu ɗauke da sunanta. A cikin kayan da ake nunawa a Milandes akwai ɗamarar ayaba, akwai kuma lambobin yaƙi, kuma ba a fahimtar tarihin Josephine Baker sai an dubi dukansu biyun.